Kumburin Ciki a Zomo: A Gane Irinsa Kafin a Ɗura Masa Komai

Kiwon zomo ya samu shiga a garuruwanmu, kuma da dalili. Ba ya cin fili, ba ya hayaniya, zomanya tana haihuwa bayan wata ɗaya da ɗaukar ciki, harawa da dusa da ganyen dankali sun isa su riƙe garke. Ɗalibai da matan aure da ma'aikatan da suka yi ritaya duk sun shiga harkar. Sai dai akwai wata asara da kusan kowane mai kiwo ya ɗanɗana. Zomon da aka bari da daddare yana ci lafiya lau, sai a wayi gari ya takure a lungun keji, ya ƙi kallon abinci, ciki ya yi tam kamar ganga. Kafin la'asar ya mutu.

A irin wannan safiya hannu yakan riga tunani. Wannan ya ɗauko man gyaɗa, wancan ya jiƙa kanwa, wani ya fasa kafso ya ɗura masa, domin haka aka saba yi wa akuya ko tunkiya idan ta kumbura. Niyyar mai kyau ce, amma cikin zomo daban yake da na akuya. Cututtuka da dama ne suke kumbura cikin zomo, kuma maganin da yake ceton ɗaya shi ne yake ƙarasa wani. Duk abin da zan faɗa a ƙasa yana komawa ga wannan: kada a zuba wa kumburarren zomo komai ta baki sai an gane abin da ya kumbura shi.

Yadda cikin zomo yake

Zomo ba ya tuƙa. Tumbinsa ɗaya ne, mai siririn bango, kuma ba ya zama wayam ko da dabbar ta kwana ba ta ci ba. Kullum akwai abinci da gashi da ruwa a ciki. A mashigar tumbin akwai wata tsoka mai ƙarfi da take rufe hanya gam. Saboda ita zomo ba ya amai, ba ya kuma iya fitar da iska ta gyatsa yadda sa ko rago yake yi. Abin da ya shiga tumbi ƙofa ɗaya ta rage masa, ita ce ta ƙasa, wadda take buɗewa cikin ƙaramin hanji.

A ƙarshen ƙaramin hanjin akwai wata babbar jaka wadda ta fi tumbin girma. A nan ne ƙwayoyin halitta masu amfani suke narkar da ciyawa, daga nan kuma ake samun kashi mai laushi da zomo yake sake cinyewa kai tsaye daga duburarsa don ya ribaci sinadaran da ke ciki. Wannan ɗabi'a lafiya ce, ba cuta ba. Dukan tsarin yana tafiya ne da abu biyu: ciyawa mai tauri da take sa hanji motsi, da isasshen ruwa.

Ko zomo ya daina ci, yawu bai daina gangarawa ba, tumbi ma bai daina tsattsafo da ruwansa ba. Idan ƙofar ƙasa ta toshe, ruwan nan ba shi da mafita. Yana taruwa, iska ta biyo baya, tumbi ya yi ta buɗewa har ya danne huhu da manyan jijiyoyin da suke mayar da jini zuciya. Jini ya ragu a jiki, zafin jiki ya faɗi, ƙoda ta soma gazawa. Wani lokaci tumbin ne yake fashewa. Duk wannan yana iya ƙarewa cikin ƙasa da kwana guda.

Cututtuka uku masu kama da juna

Na farko shi ne toshewar ƙaramin hanji, kuma shi ne kumburin tumbi na gaskiya. Yana zuwa farat ɗaya, ga zomon da yake ƙalau sa'o'i kaɗan da suka wuce. Wata likitar dabbobi a garin Harrogate na Ingila, Frances Harcourt-Brown, ta wallafa bincike a mujallar Veterinary Record a 2007 kan zomaye 76 da aka kawo mata da wannan larura. An tabbatar da toshewar hanji sau 64, kuma a 49 daga ciki abin da ya tokare hanyar ɗan dunƙulen gashi ne da ya cure ya yi tauri. Sauran sun haɗa da ƙwayar iri mai tauri, da ƙari, da zaren darduma, da ƙullutun tsutsar ciki, da mannewar hanji bayan tiyata. Ta kuma lura cewa abin ya shafi zomaye iri-iri masu cin abinci iri-iri. Dunƙulen yakan maƙale ne a wurare biyu da hanya ta ƙuntata: daf da mafitar tumbi, ko can ƙarshe inda ƙaramin hanji yake shiga babbar jaka. Idan ya maƙale kusa da tumbi, ciwon ya fi saurin kisa.

Na biyu shi ne kasalar hanji. Nan babu abin da ya toshe. Hanjin ne ya rage motsi har ya tsaya. Ba ya zuwa haka kawai, akwai abin da yake jawo shi: ciwon haƙori, tsananin zafi, firgita, canjin wuri, ƙarancin ciyawa, ƙishirwa, ko wani ciwo a wani sashe na jiki. Yana tafiya a hankali cikin kwana biyu ko uku. Ci yana raguwa, kashi yana ƙanƙancewa yana bushewa, sannan ya ɗauke. Abin da ke tumbi yakan bushe ya dunƙule, iska ta taru a hanji. Haɗarinsa shi ne yunwa: zomon da ya daina ci, musamman mai ƙiba ko mai ciki, kitse yakan mamaye hantarsa ya kashe shi. Saboda haka maganinsa ya ƙunshi ɗura abinci da sirinji.

A nan matsalar take. Ɗurar da take raya zomo mai kasalar hanji, idan aka yi wa mai toshewa, an ƙara kaya ne a tumbin da yake dab da fashewa.

Na uku ya fi addabar masu kiwo da yawa, shi ne ciwon hanji na 'ya'yan da aka yaye. Tsakanin mako 5 zuwa 14 da haihuwa, babbar jakar hanjinsu ba ta gama daidaita ba. Koksidiyosis, wadda masu kiwon kaji suka sani sarai, tana kama su ta hanyar kashin da ya gurɓata abinci da ruwa. Wani nau'inta hanji yake ci, wani hanta. Akwai kuma wata annobar hanji da ta ɓulla a gonakin zomo na Faransa a tsakiyar shekarun 1990 ta bazu ƙasashe da dama, wadda take kumbura ciki da ruwa har a ji yana kacau-kacau idan an ɗaga dabbar. Alamar wannan rukuni ita ce ba zomo ɗaya yake kamawa ba. Za a ga ƙanana da yawa da tulun ciki, da gudawa ko majina a kashi, suna mutuwa bi da bi.

Ban da waɗannan, akwai murɗewar wani ɓangare na hanta, wadda take zuwa da ƙin ci da ciwon ciki kwatsam, tana jawo zubar jini a ciki. Sai gwajin jini da hoton na'ura suke bayyana ta.

Abin da mai kiwo zai iya dubawa da kansa

Tambaya ta farko ita ce yaushe abin ya fara. Idan jiya ya cinye abincinsa tas, kashinsa manya ne kamar kullum, yau kuma ko ganyen da ya fi so ba ya sansanawa, a ɗauka toshewa ce har sai an tabbatar da akasin haka. Idan kwanaki ne yana rage ci, kashi yana ƙanƙancewa, kasala ta fi kusa. A dubi ƙasan keji da kyau, domin kashin zomo ba ya ɓoye halin da hanji yake ciki. Zomon da ya yi sa'a 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, yana bukatar likita ko da cikinsa bai kumbura ba.

Sai zamansa. Mai toshewa yakan takure, ko ya shimfiɗe yana manna ciki da ƙasa, ya tashi ya sake kwanciya, ya kasa samun natsuwa. Yana iya cije haƙora da ƙara saboda zafi. Daga baya sai ya yi laushi, ya daina kula da komai. Wannan shirun ba sauƙi ba ne, alama ce ta jiki ya soma sallamawa.

Sai taɓawa, a hankali ƙwarai. Tumbi yana gefen hagu, daf da bayan haƙarƙari. A lafiyayyen zomo da ƙyar ake jinsa. A mai kasala ana jin wani dunƙule da yatsa yake ɗan lotsawa. A mai toshewa kuwa ana jinsa babba, zagayayye, a ɗaure tamau, ya zarce haƙarƙari zuwa tsakiyar ciki. Idan kumburin ya fi yawa can baya da ƙasa, ya fi kama da matsalar babbar jaka.

Na ƙarshe shi ne zafin jiki. Na lafiyayyen zomo yana tsakanin digiri 38.5 da 40 a ma'aunin Salshiyas, ana aunawa ta dubura da ƙaramin ma'aunin da ake sayarwa a kowane kemis. Kunnuwa masu sanyi da dasashi da ya koɗe alamu ne marasa kyau. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa zomayen da suka isa asibiti da zafin jiki 37.9 ko ƙasa da haka, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran kusan sau uku.

A hannun likita

Hoton ciki shi ne yake raba gardama. A toshewa, hoton yana nuna ƙaton tumbi cike da ruwa, da tarin iska a tsakiyarsa, wani lokaci da layin iska a ƙaramin hanji da ya tsaya cak a inda aka tokare. A kasala, tumbin yana cike da busasshen abinci, iska ta kewaye shi. Ana maimaita hoton bayan sa'a ɗaya ko biyu. Idan aka ga iska ta isa babbar jaka, dunƙulen ya wuce, hanya ta buɗe.

Akwai wani gwaji mai araha da ya dace da yanayinmu: awon suga. Zomon da yake cikin matsanancin ciwo sugansa yana tashi sosai. A 2012 Harcourt-Brown ta sake wallafa sakamakon awon suga na zomaye 907. Waɗanda aka tabbatar suna da toshewar hanji, matsakaicin sugansu ya kai 24.7 a ma'aunin milimol, na masu kasala kuwa 8.5. Abin da ya haura 20, wato 360 a na'urorin da suke nuna miligiram, yana nuna abu mai tsanani. Ɗigon jini ɗaya daga jijiyar gefen kunne ya isa, da irin na'urar da masu ciwon suga suke ajiyewa a gida. Awon shi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin tsoro ma yana ɗaga suga, amma idan aka haɗa shi da labarin yadda ciwon ya fara, da taurin tumbi, da sanyin jiki, likitan da ba shi da na'urar hoto ya samu madogara.

Magani yana farawa da abu uku a lokaci guda: ɗumi, da kashe zafin ciwo, da ƙarin ruwa. Ruwan ta jijiya ake sa shi, galibi ta gefen kunne, domin wanda aka zuba ƙarƙashin fata ba ya shiga jini da sauri a jikin da ya riga ya yi sanyi. Maganin zafin kuma mai ƙarfi ake bukata, irin bufurenofin da danginsa. Meloksikam, wanda ake yawan ba zomaye, ana jinkirta shi har sai ruwa ya koma jiki, domin yana iya ƙarasa ƙodar da take cikin wahala.

Idan tumbi ya ɗaure ƙwarai, likita yakan yi wa dabbar allurar barci kaɗan, ya zura roba ta baki har tumbi, ya zuƙe iska da baƙin ruwan da ya taru. Robar takan toshe da gashi, sai a yi ta wankewa ana mayarwa. Wannan ba ya cire abin da ya tokare hanji, amma yana sauke nauyi daga huhu da jijiyoyi, yana sayo lokaci.

Tiyata ko jira

A nan likitoci suka daɗe suna muhawara. Tsohon ra'ayi shi ne a buɗe ciki da wuri. Likitan yakan nemo dunƙulen, ya tura shi da yatsu a hankali har ya faɗa babbar jaka, domin yanka hanjin zomo da ɗinke shi abu ne mai haɗari saboda siririnsa. Amma alƙaluman 2007 ɗin suna da nauyi: cikin zomaye 40 da aka yi wa tiyata, 19 ne suka warke. Cikin 15 da hoto ya nuna dunƙulen ya wuce da kansa, 13 suka rayu ba tare da wuƙa ba. A 2014 wasu likitoci biyu, Schuhmann da Cope, suka wallafa rahoton kumburin tumbi 145 da aka yi wa magani ba tiyata, inda kusan 89 cikin 100 suka tashi. Daga baya an ƙara da sa lidoken ta jijiya a hankali, wanda yake rage ciwo yana kuma taimakon hanji.

Bai kamata a karanta waɗannan alƙaluma da garaje ba. Zomayen da suke kaiwa ga tiyata su ne waɗanda ciwonsu ya fi muni tun farko, don haka ba a auna su da sauran kai tsaye. Abin da ya fito fili shi ne dunƙule da yawa suna wucewa idan aka riƙe dabbar da rai, aka mayar mata da ruwa, aka kashe mata zafi. Shi ya sa akasarin likitoci yanzu suke farawa da magani, suna auna zafin jiki da suga, suna sake hoto. Idan sa'o'i suka shuɗe tumbi yana sake cika, suga ya ƙi sauka, iska ba ta matsa gaba ba, sai tiyata. Jiran da ake nufi shi ne na asibiti, da robar ƙarin ruwa a kunne da ido a kan dabba. Barin zomo a keji ana fatan ya warware ba ya cikin wannan lissafi.

Abubuwan da ba a yi

Ba a huda cikin zomo. Makiyayi ya san ana huda kumburarren sa ta kwiɓin hagu iska ta fita, amma tumbin zomo siriri ne kuma cike da ruwa; huda shi yana yage shi, ƙazanta ta malale cikin ciki.

Ba a ɗura mai, ko kanwa, ko lemon kwalba. Mai ba ya narkar da gashi, kuma yana iya sarƙewa ya shiga huhu. Kanwa idan ta haɗu da tsamin tumbi iska take haifarwa, a wurin da iska ba ta da mafita. Ruwan abarba da na gwanda ma, da ake cewa suna cinye gashi, ba sa yi.

Ba a murza tumbin da ya ɗaure. Tausa mai laushi tana da amfani ga kasala, amma ga toshewa tana iya fasa shi. Haka maganin tura hanji irin metokulofuramaid: shawarar bayar da shi ta likita ce, bayan ya duba.

Ba a ba zomo Ampiclox ko amoksisilin ko fenisilin ta baki, haka linkomaisin da kilindamaisin da eritromaisin. Waɗannan suna kashe ƙwayoyi masu amfani na babbar jaka, su bar miyagu su yaɗu su saki guba. Zomaye masu yawa da za su iya tashi, kafson da aka fasa musu ne ya kashe su bayan kwanaki.

Idan asibiti ya yi nisa

Dole a faɗi gaskiyar halin da ake ciki. Asibitocin koyarwa na dabbobi irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, ba kowa ne yake kusa da su ba, kuma kuɗin hoto da tiyata yana iya fin kuɗin zomon. Duk da haka akwai abin yi. A naɗe zomon da zane, a ajiye gorar ruwan ɗumi da aka lulluɓe a gefensa, a sa shi wuri mai shiru. A bar masa ruwa da ganye a gabansa ba tare da tilas ba. A nemi malamin dabbobi mafi kusa, domin allurar zafi da ƙarin ruwa da awon suga ba su fi ƙarfin ƙaramin asibiti ba, kuma su ne ginshiƙin maganin.

Idan jiki ya yi sanyi, dabba ta kwanta ba ta iya ɗaga kai, kuma babu hanyar kai ta ga likita, kawo ƙarshen wahalarta da gaggawa ya fi barinta tana shan azaba har dare. Dabbar da ke hannunmu amana ce, tausayi kuma yana cikin riƙon amana. Naman wanda aka yi wa allurai, ko wanda ba a san ciwonsa ba, kada a ci sai da shawarar likita. Wanda ya mutu kuwa a sa a buɗe shi a gani. Ƙaton tumbi da dunƙule a hanji yana nuna matsala ce ta zomo ɗaya. Farare-fararen tabo a hanta, ko hanjin da ya cika da ruwa da majina, yana nuna sauran garken ma suna cikin haɗari.

Kariya

Ba za a iya hana toshewa ɗungurungum ba, tunda tana samun har zomon da ake kula da shi sosai, amma ana rage ta. Ciyawa da harawa su zama mafi yawan abinci, dusa da hatsi su zama ƙari kawai. Ruwa ya kasance kullum. Maganar da ake yi cewa zomo ba ya shan ruwa ta hallaka dabbobi masu yawa. Yana shan tsakanin mililita 50 zuwa 150 a kowane kilo na nauyinsa a yini, mai shayarwa ta fi haka, kuma a zafin Maris zuwa Mayu bukatar tana ƙaruwa. A sa keji a inuwa inda iska take ratsawa.

Lokacin zubar gashi a riƙa shafe zomo da jiƙaƙƙen hannu ko buroshi, a share gashin da ya taru a keji. A tsince busasshen wake da ƙwayar masara daga abinci, a nisanta leda da buhu da igiya da tsumma. Ciyawar bakin hanya da karnuka suke kashi a kai tana ɗauke da ƙwan tsutsa, a guje ta. Sabon abinci a shigo da shi kaɗan-kaɗan cikin mako guda, musamman farkon damina da ɗanyen ganye yake yawaita, kuma duk abin da ya yi fumfuna a zubar. 'Ya'yan da aka yaye a rage musu cunkoso, a ɗaga mazubin abinci da na ruwa daga inda kashi yake zuba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai kiwon zomo ya mallaki ma'aunin zafi, ya koyi taɓa tumbin lafiyayyen zomo tun yau don hannunsa ya gane bambanci ranar da ya ɗaure, ya kuma san likitan da zai kira tun kafin bukata ta taso. Ƙungiyoyin masu kiwo suna iya haɗa kuɗi su sayi na'urar awon suga, su gayyaci likita ya koyar da mambobinsu. Ciwon nan da sa'o'i ake lissafa shi, kuma sa'o'in farko a hannun mai kiwo suke.